Ganin likita ta waya yana aiki kuwa?

Tambaya: Salam likita, dan Allah Baban mu yana da hawan jini da ciwon suga, yana zaune a Kachia, duk wata sai mun ɗauko shi zuwa cikin Kaduna ganin likita, yanzu an ce a riƙa duba shi ta waya. Anya ba wasa da lafiya ba ne? Daga wata 'yar uwa a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Toh ba wasa ba ne, an yi bincike sosai a kai, kuma irin ciwon Baba ne ma aka fi ganin amfanin sa, wato ciwon da an riga an san shi, bibiya kawai ake yi. A 2015 masana na Cochrane, wata ƙungiya mai tantance binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 93, suka ga masu suga da ake bibiya daga nesa sugan su ya fi daidaita, hawan jini ma ya sauka. A Kenya kuwa saƙon tes ne kawai sau ɗaya a sati ga masu cutar ƙanjamau, mutum 538 aka yi gwajin da su, sakamakon ya fito a 2010, waɗanda ake tura wa saƙon sun fi shan magani a kan kari.

Amma fa kin ga, abin da ke sa ya yi aiki shi ne awo. In na kira Baba na ce ya jiki, zai ce min da sauƙi Alhamdulillah ko da jinin ya kai 180, haka dattawan mu suke, ni kuma ba na ganin ƙafarsa ta kumbura ko ba ta kumbura ba. Don haka ku saya masa na'urar awon jini da ta suga, a samu yaro mai hankali a gidan ya riƙa aunawa da safe kafin karin kumallo yana rubutawa a littafi da kwanan wata, ranar kira a ɗauki hoton shafin a tura ta WhatsApp, in netwok ya ƙi a karanto lambobin da baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 cewa ta yi ganin likita ta waya ƙari ne a kan zuwa asibiti, bai maye gurbinsa ba, gwajin ƙoda da duba ido dole sai an zo. In kuma baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko ƙirji ya riƙe, ko ciwo ya fito a ƙafa ya ƙi warkewa, kar ku tsaya neman likita a waya, ku sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa.