Tsohon EndNote ya ƙi buɗewa a sabon Mac

Malama, kin ce EndNote X8 ɗinki, wato manhajar adana manazartar bincike, ya daina buɗewa tun da kika sabunta Mac. Kwantar da hankalinki, bayananki suna nan. Tun daga macOS Catalina, tsarin aikin Mac na 2019, Apple ya daina karɓar manhajoji masu bit 32, X8 kuwa yana cikinsu, don haka sake girka shi ɓata lokaci ne.

Kafin komai, kwafe ma'ajiyarki ta EndNote, wato fayil ɗin .enl tare da jakar .Data, a filashi. Kada ki raba su, PDF ɗinki duk a jakar suke. Sannan ki koma EndNote X9.3 ko wanda ya fito bayansa. Idan kuɗin lasisi ya yi nauyi, buɗe ma'ajiyar a tsohuwar kwamfuta, ki fitar da ita a tsarin RIS (nau'in fayil na musayar manazarta), ki shigar cikin Zotero, mai aiki irin na EndNote, shi kyauta ne.