Uwa na son shago, ɗa na son kicin: halitta ce ta raba aikin ko al'ada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, iyalina suna Agege. Abu biyu ne suka hana ni sakat. Maiɗakina ta matsa sai na kama mata shago, wai matan maƙwabtanmu Yarbawa duk suna kasuwa, alhali a gidanmu can Arewa matar aure ba ta fita. Na biyu, ɗana mai shekara 8 ya fi son zama wajen uwarsa yana taya ta girki a kan fita ƙwallo, har mahaifiyata ta ce in ban tsawata masa ba ɗan daudu zai zama. Shin rabon aikin mace da na namiji halitta ce, addini ne, ko al'ada? Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duka ukun suna ciki, sai dai kason kowanne daban. Na halitta bai da yawa: ɗaukar ciki, haihuwa, shayarwa, sauyin jiki lokacin balaga, da ƙarfin damtse da galibi namiji ya fi. Na Shari'a sananne ne: ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji, dukiyar mace tata ce, ga hukuncin gado da na suturta jiki. Abin da ya saura, wato wa zai yi cefane, wa zai riƙe ludayi, wa zai zauna a shago, mafi yawansa al'ada ce. Rigimar gidanka duk a wannan kaso na uku take, an dai sa mata rigar na farko da na biyu ne.

Ba sai ka yi nisa ba. Mai shayin bakin layinku namiji ne, yana soya ƙwai da indomi tun asuba, ba wanda ya taɓa ce masa mace. Mai tsire namiji ne, haka mai wanki da guga. Aikin da za a yi wa namiji dariya in ya yi shi a cikin gida kyauta, in ya fito da shi titi yana karɓar kuɗi sai ya zama sana'a. Ashe ba girkin ne na mata ba, wurin da ake yin sa da rashin ladansa ne aka bar musu. Buzun da ke gadi a unguwa shi ke rufe fuska da rawani, matarsa a can gida fuskarta a buɗe. Bafillatana ita ke da nono da kuɗinsa, ita ke kai shi kasuwa. Matan Maguzawa suna noma, kowace da gayaunarta. Duk mutanen yanki ɗaya ne, jiki iri ɗaya, rabon aiki daban.

Shi kansa kullen da ka tashi ka tarar yana da tarihi. A da ya fi ƙarfi a gidajen sarauta, na malamai da na attajirai, inda bayi ke noma da ɗebo ruwa da itace. Bayan bauta ta kau a farkon ƙarni na 20 ya bazu cikin talakawa, domin zama a gida ya zama alamar 'yanci daga wahalar gona. Kuma abin da zai fi shafar ka: Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar Hausawan can sun tsananta kulle, saboda da shi suke bambanta kansu da Yarbawan da suka kewaye su. Baƙo a ƙasar wani yakan ƙanƙame al'ada fiye da wanda ke gida. Ka tambayi kanka, wannan “a gidanmu ba a yi” ɗin, tsoron Allah ne ko tsoron abin da za a faɗa a majalisa bayan sallar la'asar?

Kuma matan kulle ba su taɓa zama hannu rabbana ba. Mai bincike Polly Hill ta nuna haka a Batagarawa kusa da Katsina: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, ƙosai, hatsi, duk daga cikin gida ake cinikinsu. Amma tsarin yana tsaye ne da ƙafa uku: gida mai zaure da tsakar gida, dangi da ƙawaye a kusa, da yara masu kai talla. A Legas ukun duk sun gurgunce. Gidan haya ne, ɗaki na kallon ɗaki, kicin da banɗaki da famfo na kowa da kowa, matarka tana gogayya da mazan wasu a baranda ko ta so ko ta ƙi. Danginta suna nisan tafiyar kwana a mota. Talla kuwa dokar jihar ta 2003 ta hana ciniki a kan titi, mai saye da mai sayarwa duk suna da laifi, ga dokar haƙƙin yara ta jihar ta 2007, ga wajabcin karatun shekara 9 tun dokar 2004. Idan ka kulle mace a Agege, sunan kulle kawai ka ɗauko, ka baro abin da ke sa a iya jure shi. Abin da ke biyo baya shi ne kaɗaici, yawan ƙorafi, da roƙon kuɗin kati da na sabulu kullum.

Matan Yarbawa da take gani kuwa a kan nasu tarihin suke. Efunroye Tinubu, wadda ta rasu a 1887, attajira ce da ta juya siyasar Ikko. Alimotu Pelewura, Musulma ce, ta jagoranci matan kasuwar Legas suka yi wa Turawa bore kan haraji da ƙayyade farashin abinci a shekarun 1940. Har yau Iyaloja, wato shugabar matan kasuwa, sarauta ce mai faɗa a ji. Sai dai ya kamata maiɗakinka ta ga ɗaya gefen: a gidajen Yarbawa da yawa ana sa ran mace ta ɗauki wani kaso na cefane da kuɗin makaranta daga cinikinta. Fitar tana zuwa da nauyinta. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, Nana Khadija 'yar kasuwa ce, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata.

Galibin malamai sun rataya fitar matar aure don sana'a a kan izinin miji, to shawarar tana hannunka, kuma yarda ba saɓo ba ce. A ganina ka yarda, amma da tsari. Ta fara daga gida na wata uku zuwa shida, da abin da mata ke saye a wajen mata: turaren wuta, humra, atamfa da mayafai, kitso da lalle, zoɓo da kunun aya in kuna da firji da wuta mai ɗan tsayawa. Ta tallata a WhatsApp, a biya ta asusunta na kanta. A wannan lokacin za a gane ko akwai masu saye, kafin a zuba kuɗin hayar shekara da na dillali da na yarjejeniya, waɗanda a Legas ba sa dawowa in shago ya mutu. In ta kai ga shago, a nemi na cikin unguwa wanda za ta taka da ƙafa. Shagon da sai an hau danfo biyu, cunkoso zai cinye ribar da lokacin yara.

Tun ranar farko a faɗi ko jarin kyauta ne ko rance, in rance ne a rubuta. Ta riƙe littafi, ta raba riba uku: kaso ɗaya ya koma jari, ɗaya adashi ko ajiya, ɗaya buƙatunta. A nan gidaje suka fi tuntuɓe. Miji ya ga kuɗi a hannun mata sai ya fara rage kuɗin cefane a hankali, jarin ya narke a tukunya, wata shida shago ya zama kango, a ce ai dama mace ba ta iya kasuwa ba. Ciyarwa tana nan a wuyanka ko ta fi ka samu. In ta taimaka, alheri ne, a gode mata. Tuntuɓe na biyu shi ne a ƙara mata shago ba a rage mata komai a gida ba. Sai ta gaji, sai a ɗora wa babbar 'ya girki da raino, karatun yarinya ya lalace. Saboda haka ku zauna ku lissafa aikin gidan ɗaya bayan ɗaya, ruwa, shara, wanki, kai yara makaranta da Islamiyya, a san wa zai ɗauki wanne. Kai da kake Mile 12 kullum, cefane ai ya zama naka.

Sai batun yaro, wanda na ga ya fi damun ka. Yaro yakan san shi namiji ne ko mace tun yana shekara 2 zuwa 3. Tsakanin shekara 5 da 7 yake gane cewa abin ba ya canzawa da sauya riga ko wasa. Ɗanka mai shekara 8 ya wuce nan. Abin da yake ci gaba da koyo shi ne me ake so namiji ya yi, kuma wannan daga bakinmu yake ɗauka. Tun yana goye harshenmu ke ce masa “kai”, ƙanwarsa “ke”, alhali abokansa Yarbawa a harshensu wa da ƙane ake rarrabewa da shekaru, ba da jinsi ba. A saya mata 'yar tsana, shi mota. Ta faɗi a rarrashe ta, ya faɗi a ce namiji ba ya kuka. Ita gaɗa da carafke, shi langa da ƙwallo. Da haka ake gina abin da daga baya za a rantse cewa da shi aka haife su.

A Arewa, yaro in ya kai shekara bakwai zuwa goma yakan fice daga cikin gida da kansa, domin akwai zaure, akwai gona ko rumfar uba, akwai sa'o'insa a ƙofar gida. Ɗanka fa? Kai ka fita kasuwa kafin gari ya waye, ka dawo ya yi barci. Titi ba wurin wasa ba ne. Babban da yake gani yana aiki da hannu a ɗakin nan uwarsa ce kaɗai, kuma yaro wurin mai kula shi yake zuwa. Wannan ya ishe shi dalili.

Daudanci wani abu ne daban: manya ne da ke ɗaukar salon magana da tafiya da mu'amala irin ta mata, suna da iyayen gidansu da zumuncinsu, yawancinsu suna sana'ar abinci. Sayar da abincin ne ya sa mutane suka haɗa shi da tukunya. Yanka albasa ba ya kai yaro can. Abin da ke yin ɓarna tabbas shi ne laƙaba masa sunan. Yaron da ake kira ɗan daudu a gida, yaran layi za su ɗauka, ya fara gudun maza saboda tsokana, ya ƙara maƙalewa a ɗaki, sai a ce ga shi an faɗa. Duka ma haka, ɓoyewa kawai yake koya wa yaro.

Kada ka hana shi kicin, ka ƙara masa da kanka. Ranar Asabar ko lokacin hutu ka tafi da shi rumfa na awa biyu ko uku, ya ƙirga kwanduna, ya ba da canji, ya ji yadda ake ciniki. Ku tafi Juma'a tare. In ƙwallo ba ta burge shi ba, ba dole, a gwada keke ko gyaran wani abu a gida. Aikin gida kuma a raba wa yara bisa shekaru, maza da mata: ɗan shekara 4 zuwa 6 ya kwashe kwanonsa da kayan wasansa, ɗan 7 zuwa 9 shara da wanke-wanke da wankin ƙananan kayansa, daga 10 a fara koya masa dafa abu mai sauƙi da babba a kusa, musamman in gas ake amfani da shi. Dubban samarinmu da ke ci-rani a Ijora da Obalende ba uwa ba mata, wanda bai iya dafa shinkafa ba rabin abin da ya samu a wajen mai abinci yake ƙarewa.

Hajiya mahaifiyarka kuwa ba a yi mata gardama. Ka same ta ku biyu, ka ce ka ji maganarta kuma ka ɗauki mataki, za ka riƙa fita da shi, sannan ka roƙe ta a daina faɗin kalmar a gabansa saboda bakin uwa kaifi gare shi. Ka tuna mata hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari, cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Da wuya tsohuwa ta ja da wannan.

Akwai inda abin ya wuce shawarar gida. In yaro ya daɗe, wata da watanni, yana cewa shi ba namiji ba ne, yana ƙyamar jikinsa, ya daina ci ko barci, ko yana gudun makaranta, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwar yara, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana da sashensu. A kuma bincika a hankali ko wani na taɓa shi ko cin zalinsa, domin sauyin hali na farat ɗaya sau da yawa daga nan yake. Daban kuma da jaririn da aka haifa al'aurarsa ba ta fayyace ba, wanda ake kira mata-maza, fiƙihu ma ya san da shi. Wannan a garzaya da shi asibitin koyarwa, LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, a cikin kwanakin farko, kafin a yanke masa jinsi ko a kira wanzami. Wani nau'insa yana sa jiki zubar da gishiri, jariri ya kama amai ya bushe cikin mako biyu zuwa uku, kuma yana kisa in ba a fara magani da wuri ba. A abin da ka rubuto, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tare da ɗanka.