Ƙanwata ta daina shan maganin ƙiba sai ta kwanta ciwo: mene ne ya daina aiki a saman ƙodarta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ta yi wata biyar tana shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe" saboda bikinta ya matso. Fuskarta ta kumbura, nankarwa ta feso mata a ciki da cinya. Da muka gane sai muka ƙwace maganin, amma bayan kwana uku amai da jiri da kasala suka kama ta har ta suma. A asibiti an ce wani abu da ke saman ƙodarta ne ya daina aiki. Ciwon ƙoda ne? Kuma za ta warke? Daga wata 'yar'uwa a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar da hankalinki, bisa bayaninki wannan ba ciwon ƙoda ba ne. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai kama da hula, nauyinta giram 4 zuwa 5, wadda likitoci ke kira adirinal. Maƙwabtaka kawai ta haɗa ta da ƙoda, aikinsu daban. Ƙoda tace jini take yi, ita kuwa adirinal sinadarai take zubawa a cikin jini, waɗanda ake kira homon, su zaga jiki suna isar da umarni.

Tsakiyarta ke samar da adirinalin, wanda ke sa gaban mutum ya faɗi, zuciya ta yi ta bugawa idan ya firgita. Ɓawonta kuma yana samar da aldositiron mai riƙe gishiri da ruwa a jiki, da ɗan homon na balaga, sai kuma kotizol, wanda a kansa maganar ƙanwarki ta tsaya. Kotizol ne ke hana jini da sukari sauka ƙasa, shi ne ke ba jiki ƙarfin jure zazzaɓi, rauni, tiyata da naƙuda. Adirinal ba ta fitar da shi sai da izini, domin akwai wata ƙaramar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari da ke auna yawansa a jini, idan ya ragu ta aika saƙo a ƙara, idan ya wadata ta yi shiru.

Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kemis da hannun masu talla galibi suna ɗauke da deksametason, wanda aka fi sani da deksa, ko firedinisolon, dukansu kuwa kotizol ne na bature, kuma deksa ya ninka na jiki ƙarfi kusan sau 25. Idan mutum ya zarce mako uku yana sha, fituwitari za ta ga jini ya cika da kotizol ta daina aika saƙo, adirinal ta zauna babu aiki har ta kankance. Ƙibar da ake murna da ita kuwa alamar ciwo ce, wanda ake kira da sunan Harvey Cushing, likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1912: kitse ya taru a fuska da ciki da doron wuya, ƙafafu su sirance, fata ta yi laushi ta tsage, ga hawan jini, ciwon sukari, rikicewar al'ada da raunin ƙashi. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin 'yan mata masu ƙoshin lafiya ne ake tura su ga wannan saboda gorin rama. Man bilicin mai ɗauke da kulobetasol, wani dangin kotizol na bature, shi ma yana ratsa fata ya yi irin wannan ɓarna idan aka daɗe ana shafa shi a duk jiki.

Da kuka ƙwace maganin, niyyarku mai kyau ce, sai dai yanke shi rana ɗaya ya bar jikinta babu kotizol na waje, babu na ciki. Shi ya sa jininta ya sauka ta suma, kuma wannan yanayi yana iya kisa idan ba a gaggauta allurar haidirokotizon, wato kotizol na allura, da ƙarin ruwa ba. Kun kyauta da kuka garzaya da ita asibiti.

Game da warkewa, akasarin masu irin wannan matsala adirinal ɗinsu tana farfaɗowa, amma sannu a hankali, daga makonni zuwa watanni, wani lokaci har shekara ko fiye. Likita zai ɗora ta a kan ƙaramin awo na maganin, ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, yana gwada kotizol a jininta da misalin ƙarfe 8 na safe, lokacin da ya fi yawa a jiki. Kada ki yi mamaki idan kika ga an sake ba ta dangin maganin da ya kwantar da ita, haka tsarin yake, kuma kada kowa a gida ya hana ta sha.

Akwai wani ciwon da ke kama da wannan, wanda Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, inda adirinal ɗin kanta ke lalacewa. A ƙasashenmu tarin fuka yana cikin manyan musabbabansa. Mai shi yana ramewa, yana kwaɗayin gishiri, fatarsa tana ƙara duhu, abin da a baƙar fata aka fi gane shi a dasashi, cikin kumatu da layukan tafin hannu. Mai wannan ciwon zai riƙa shan magani har ƙarshen rayuwarsa. Ban yi zaton shi ne ke damun ƙanwarki ba, amma idan ta taɓa yin doguwar jinyar tari, ku faɗa wa likitanta.

Kafin ta gama murmurewa, duk ranar da zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ya kama ta, jikinta zai buƙaci kotizol fiye da kullum, don haka ku tambayi likita tun yanzu yadda za ta ƙara awon maganin a irin wannan rana. Idan amai ya hana ƙwaya zama a cikinta, a kai ta asibiti nan take a yi mata allura, kada a jira gari ya waye. Ta riƙa yawo da takarda mai bayanin maganin da take sha, a sanar da angonta halin da ake ciki, kada kuma ta ɗauki azumi ko ta nemi juna biyu sai ta shawarci likita. Ku nemi a tura ta sashen likitocin cututtukan cikin jiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ku tafi da ragowar ƙwayoyin da duk man da take shafawa, domin a ga ainihin abin da ke cikinsu.