Amsa ga ƙanena a Jos kan hawan tudu da iyali da batun karen gida

Assalamu alaikum, ƙanena Aminu. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da mai ɗakinka da yara da su Baba, saƙonka ya iso ni, kuma na yi murna da jin cewa ka samu gurbin digirin digirgir a nan Sheffield. Ka gode wa Allah da karatun naka na bincike ne, domin tun watan Janairun 2024 aka rufe wa yawancin masu digiri na biyu ƙofar zuwa Birtaniya da iyali. Ka tambaye ni ko wanda bai taɓa hawan tudu don shan iska ba zai iya yin irin fitar da ka gani a hotunanmu, ga yara ƙanana, sannan ka tambaya ko za ka iya tahowa da karenku na gida, tunda yaran sun shaƙu da shi.

Za ku iya, kuma ina so ku fara da wuri, domin zaman ɗaki a lokacin sanyi yana cin ran baƙo fiye da yadda ake faɗa. Peak District, wanda a 1951 ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, yana bakin garin nan ne. Jirgin ƙasan da ke bi ta kwarin Hope zuwa Manchester yana sauke mutum a tashar Grindleford cikin kamar minti 15, daga nan sai a bi gefen rafi cikin kurmin Padley Gorge a haura a hankali har Longshaw, inda akwai wurin shan shayi da banɗaki. Idan mai ɗakinka za ta tura keken jariri, ku je Monsal Trail ta wajen Bakewell, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce mai tsawon kusan kilomita 14 wadda aka mayar ta masu ƙafa da keke, a shimfiɗe take, kuma duk inda yaro ya gaji sai a juyo.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kada tsawon duwatsunmu na gida ya ruɗe ka. Garin Jos kansa yana sama da teku da kusan mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa ta haura mita 1,800, alhali tudun Mam Tor na Peak District da mutanen nan suke ji da shi mita 517 ne kacal, kuma daga wurin ajiye motoci an jera masa matakalar dutse har sama. Wannan lissafi ne ya sa a shekarata ta farko na ɗauki yara cikin watan Oktoba, da rigunan sanyin da muke sawa a Unguwar Rogo lokacin hunturu da takalman makaranta, muka kama hanyar da ke bin ƙashin bayan tudun zuwa Hollins Cross. Mun tashi rana tana haske, kafin rabin sa'a iska ta kawo ruwa mai dukan fuska, hazo ya rufe kwarin. Na duba 'yata Hauwa na ga leɓenta yana rawa, yatsunta sun kasa riƙe biskit, sai na tuɓe rigata na naɗe ta, na saɓa ta a kafaɗa muka sauko. Sanyin Jos busasshe ne, bargo yana maganinsa, na nan kuwa da laima yake zuwa ya ratsa tufa. Saboda haka kowa sai da rigar ruwa mai hula da takalmin da ba ya santsi a taɓo, a saka tufafi sama da sama yadda za a iya ragewa, a ɗauki fulas na shayi, a duba hasashen yanayi da safe. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk suna matsowa kusa da juna, don haka ka saka ƙaramar sallaya a jaka, ku fita da hantsi. In wani ya ji rauni a kan tudu, a kira 999 a nemi 'yan sanda, su ne za su haɗa ka da masu ceton kan dutse.

Batun kare kuwa, shawarata ita ce ka bar shi a gida ya ci gaba da gadinsa. Karen da zai shigo daga Najeriya sai an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi masa allurar ciwon hauka, a ɗebi jininsa bayan aƙalla kwana 30 a gwada, sannan a jira wata 3, ban da maganin tsutsar ciki gab da tafiya da kuɗin jirgi. Ko ya iso, samun gidan haya da zai karɓi ɗalibi mai iyali da kare wahala ce babba, kuma karen da ya saba da tsakar gida da hasken rana zai sha wuya a ɗaki biyu.

Yaran ba za su rasa kare ba. Maƙwabciyata dattijuwa ce da gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa, takan ba mu nata ranar Asabar, kuma a kansa na koyi ƙa'idar. Hanyoyin suna ratsa gonaki da makiyayar mutane ne, kibiya rawaya ita ce alamar hanyar ƙafa, kuma ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe shi bayanka. A buɗaɗɗen daji dole kare ya kasance a ɗaure da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kusa da tumaki kuwa a kowane lokaci. In shanu masu maruƙa suka taso muku, ka saki igiyar ka ja yara gefe, karen ya fi ku gudu. Kashinsa ma ana kwashewa a leda a tafi da shi.

Ka shirya wa mai ɗakinka cewa karnukan nan sun saba da shinshinar mutane. Idan ba ta son ya taɓa tufafin da za ta yi salla da su, ta tsaya cik, kai kuma ka gaya wa mai shi cikin ladabi, yawancinsu nan take suke janye abinsu.

In Allah ya kawo ku a watan Satumba, Asabar ta farko Grindleford za mu nufa. Ka turo mini lambar takalmin kowane yaro, akwai na su Hauwa da suka yi musu kaɗan, sauran kuma zan nema kafin ku sauka. Ka gaishe mini da Baba da Inna.