Injin Mustang Ɗin Nan Zai Jira Tukuna

Jiya muna wanke hannu ka ce da ni, "Oga, sati uku ke nan muna kwance a ƙarƙashin motar Alhaji, alhali shi ƙarfin inji ya ce a ƙara masa. Yaushe za mu taɓa injin?" Magariba ta kawo jiki, shi ya sa ban tanka ba. Ajiye sufanar nan ka zauna.

Wannan Ford Mustang ce ƙirar 1966. A watan Afrilun 1964 aka fara fito da Mustang a Amurka, kuma kamfanin bai ƙera mata sabon gindi ba. Ƙashin wata ƙaramar motar iyali mai suna Falcon ya ɗauka, ya sa mata sabuwar riga, ya ba mai saye damar zaɓar injin V8. Na Alhaji shi ne 289, wato lita 4.7. Ka ga tun daga kamfani ƙafafun motar cefane ne ke ɗauke da wannan injin. Yanzu ga kusan shekara 60 sun bi ta kansu, ana kuma so mu ƙara musu kaya.

Kai ka saba da irin su Hilux, da za ka kwance bodi ka ɗaga, ka bar shasi zaune a kan tayoyinsa. Wannan ba ta da shasi dabam, bodin shi ne shasin. Akwai dogayen ƙarafa biyu a gaba, biyu a baya, kuma ba abin da ya haɗa su sai daɓen motar da ƙarafan ƙasan ƙofa. Daɓen nan idan tsatsa ta cinye shi, ƙugun motar ne ya tafi. Ka tuna ranar da na sa jak a kusurwa ɗaya na ce ka buɗe ƙofar direba, ta ƙi? Ba makulli ba ne. Bodin ne ya murɗe.

Tsatsar kuwa daga sama ta sauko. A gindin gilashin gaba, ƙarƙashin ramukan shan iskar nan, akwai wani kwarmi da ruwan sama ke bi ya fita. Ganye da ƙura su toshe shi, ruwa ya kwanta, ya huda ƙarfen, ya riƙa ɗiga ƙarƙashin kafet shekara da shekaru ba wanda ya sani. Ciwon gado ne a Mustang na waɗannan shekarun. Shi ya sa na sa ka zuba bokitin ruwa a wurin, ni kuma na leƙa ta ciki. In ka sa sabon daɓe ba ka toshe can ba, damina biyu ta ishe shi. Ga kuma gishirin da jihohin arewacin Amurka ke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, wanda ke cin mota ta ƙasa. Wanda ya sayar wa Alhaji ya shafe duk wannan da fila ya fesa jan fenti. Kyan ɗan maciji! Maganaɗisun da na bi jikinta da shi ai ka ga wuraren da ya ƙi kamawa, nan ne fila take a madadin ƙarfe.

Kafin mai walda ya yanka komai, sai an tokare bakin ƙofofi da ƙarfe, an kuma auna motar kusurwa zuwa kusurwa an rubuta. Bayan daɓe za mu sa ƙarafa biyu da za su haɗa dogayen gaba da na baya. Waɗannan ana walda su ne motar na zaune da nauyinta a kan tayoyi, a wuri mai daidaito. In ka yi ta tana rataye a jak, ka ɗinke murɗewar ke nan har abada. Sannan ka kula da lambar motar, tana bugge a saman ƙarfen cikin fenda ta hagu, ɗakin inji. Kada wuta ko garanda ta kusanci wurin.

Sai birki, wanda shi ya fi hana ni barci. Je ka dubi mastar, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda. Tukunya ɗaya ce, layi ɗaya ke kai mai ga tayoyi huɗu. Roba ɗaya ta fashe, feda ta tafi ƙasa, ba ka da komai sai birkin hannu da salati. Daga ƙirar 1967 ne aka koma masta mai tukunya biyu, gaba dabam baya dabam, kuma ita za mu sa. Duka ƙafafun huɗu dirom ne, wato gangar ƙarfe mai juyawa da taya, wadda layinin birki ke guga ta ciki. Dirom in ya yi zafi buɗewa yake yi, ya nisanci layinin, ka taka ka ji fedar na ƙara nisa. Kuma ka riƙe wannan lissafin: in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ya ninka huɗu. To ƙarin ƙarfin da Alhaji ke so, ina zai sauke shi?

Dis za mu sa a gaba, wato faifan ƙarfe da fad ke matsewa, don gaba ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi idan an taka. Ba bidi'a ba ce, tun 1965 mai kuɗi na iya yin odar Mustang da dis na kamfanin Kelsey-Hayes mai fistin huɗu. Makanikan Amurka kuma sun daɗe suna ciro na Ford Granada ta 1975 zuwa 1980 suna ɗorawa, amma Granadar Amurka fa, ta Turai wata mota ce dabam. Kowanne muka zaɓa sai mun auna, don wilin motar nan inci 14 ne, manyan dis na zamani ba sa shiga ciki. Mastar ma sai wadda aka yi don dis gaba dirom baya. Ta dirom zalla tana riƙe ɗan matsi a layi, dis kuwa in ka bar masa wannan matsin zai yi ta gugar fad har hayaƙi ya tashi. Akwai kuma bawul ɗin da ke rage wa baya ƙarfi. In babu shi, tayoyin baya su riga kullewa, gindin mota ya zagayo ya gaishe ka. Bututun mai duka sabbi za mu ja, na birki na gaske mai baki ninki biyu. Kada in ga jan ƙarfen masu gyaran firji a garejin nan.

Af, notocinta na inci ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, sufana 13 za ta shiga kamar ta yi, sai ka ja ta sule kan notin. Ka riga ka sule mini biyu, na gani.

Ƙafar gaba ita ce mai daɗin aiki. Sifirin ɗinta a kan hannun sama yake zaune, wato ƙarfen sama da ke riƙe taya da bodi, yana tura nauyi cikin hasumiyar shokazoba, don haka da tsufa hasumiyoyin biyu kan karkato ciki. Akwai sandar da ake gittawa tsakaninsu, da wani ƙarfe da ke ɗaure su da bangon inji. Sannan akwai dabarar da Carroll Shelby, mai ƙera motocin tsere a Amurka, ya yi amfani da ita a Mustang ɗinsa GT350 ta 1965: a sauko da mazaunin hannun sama da inci 1. Ramuka huɗu kawai za ka huda, amma tayar waje ta daina kwanciya a gefenta idan an sha kwana. Alaimen kuma ba za mu bi littafin 1966 ido rufe ba, don an rubuta shi ne saboda tayoyin wancan zamanin; tayar rediyal ta yanzu tana son a ƙara kasta, wato jinginar da ƙafar gaba ke yi baya. Bushin na roba kada ka ɗaure shi tamau sai mota ta sauka ƙasa, in ba haka ba zai zauna a murɗe ya yage. Sifirin ɗin nan kuwa kada ka taɓa shi in ba na nan, matsattsen sifirin yana karya haƙarƙari. Rage mata tsawo kamar yadda Alhaji ya gani a hoto, wannan na ce a'a. Bam ɗin layinsu kaɗai zai cire mata salansa.

Duk abin da muka cire, ko dirom ne ko tsohuwar masta, ka goge ka sa a kwali ka rubuta. Masu sayen irin motocin nan suna tambayar kayan asali.

Inji zai zo. Da tsohon ƙarfinsa za mu fara fita da ita, in taka birki da ƙarfi sau uku a jere. In ta tsaya sak ba ta ja gefe ba, fedar kuma ba ta sauka ba, ranar zan miƙa maka kafireto da hannuna. Yanzu ɗauko tef, ka sake auna mini daga ramin gaba na hagu zuwa na baya na dama.