Yaushe ya kamata a fara gyaran rubutu?

Malama, kin tambaya ko ki fara gyaran labarinki da zarar kin ajiye alƙalami. Ki bar shi ya kwana biyu tukuna, domin idon da ya saba da shafi yakan karanta abin da ke cikin zuciya ne. Daga nan ki karanta shi a bayyane, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma kunne ne zai kama jimlar da ba ta fayyace ko "gari" na tuwo ne ko na zama ba. Kurakuran haɗe kalmomi kuwa, kamar rubuta "zaki" maimakon "za ki" ko "bata" maimakon "ba ta", yawan karanta littattafan da aka tace ne ke horar da ido ya tsinto su.