Garanti ya ƙare, laptop ta mutu: amsa ga ƙaninmu ɗalibi

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce ka sayi laptop sabuwa fil a wani shago a nan cikin Katsina, garantin shekara ɗaya, wata biyu da ƙarewarsa ta daina kunnuwa gaba ɗaya, mai shago kuma ya ce maka ba ruwansa. Na daɗe ina gyaran kwamfuta, irin wannan rigima ta sha zuwa kan teburina.

Garanti alkawari ne na kamfani. Ƙarewarsa ba ta shafe abin da doka ta ba ka ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC. Dokar ta ce kayan da aka sayar maka dole su kasance ba aibi, kuma su yi ƙarko na lokacin da hankali zai ɗauka. Amma kada in ruɗe ka: damar mayar da kaya kai tsaye, a gyara ko a canza ko a biya ka, wata 3 ce daga ranar da ka karɓa. Kai ka wuce nan. Abin da ya rage maka shi ne batun ƙarko, kuma shi sai da hujja, don dokar ba ta yanka adadin shekarun da laptop za ta yi ba.

Hujjar kuwa tambaya ɗaya ce: da ciwon ta zo, ko a hannunka ta same shi? Idan na buɗe kwamfuta, sau da yawa ita ke faɗa min da kanta. Wadda shayi ya zube wa, za ka ga tsatsa mai kore-kore a kan madabod, wato babban allon da ke haɗa dukkan sassan cikinta. Wadda wuta mai hawa da sauka ko cajar bogi ta kashe, wajen da caji ke shiga ya yi baƙi, har ƙauri za ka ji. Wadda ƙurar hunturu ta toshe, fankarta ta yi dam kamar an cusa auduga, zafi ya dafa ta a hankali. Duk waɗannan mai shago zai ce laifinka ne, kuma gaskiyarsa. Amma in ciki tsaf yake, ba ruwa, ba ƙuna, ba alamar faɗuwa, madabod ɗin kawai ya mutu, to kana da magana.

Saboda haka kada ka bari wani ya fara gyara ta ko ya ciro wani abu tukuna. Nemi mai gyara da ya san aikinsa, ya buɗe a gabanka, ku ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Haɗa da rasit, da alat ɗin banki in tiransifa ka yi, da hirarku ta WhatsApp.

Sannan juya ta ka kwafi siriyal lamba, ka shigar a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Zai nuna maka ranar da garantinta ya fara. Na sha ganin wadda aka sayar a matsayin sabuwa, ashe garantinta ya fara shekaru kafin ta iso Najeriya, ta hannu ce aka goge aka sa a kwali. In haka ta fito, zancen ya tashi daga garanti ya koma yaudara. Ka duba kuma ko kamfanin ya taɓa kiran a dawo masa da irin taka saboda wani aibi. An yi haka: HP ta janye wasu batura a 2018, Apple ma ta janye batirin wasu MacBook Pro masu inci 15 a 2019, kuma irin wannan canji ba ya duba garanti.

Da takardunka a hannu, koma wurin mai shago, ba da faɗa ba. Rubuta masa ƙorafi, ka ba shi wa'adi, ka riƙe kwafi. In ya ƙi, gwada shugabannin ƙungiyarsu, don ɗan kasuwa ya fi jin kunyar abokan sana'arsa fiye da takarda daga Abuja. In hakan bai yi ba, FCCPC tana karɓar ƙorafi ta intanet, sai dai a yi haƙuri da jira. Kotu ma tana nan, kuma a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in aibin ya riga ciniki kuma bai san da shi ba, amma can ma hujjar nan za a tambaye ka.

A ganina, in ba yaudara ka gano ba, kada ka kafe kan sai an dawo maka da kuɗinka cif. Ka mori na'urar fiye da shekara. Nemi ya ɗauki kuɗin madabod, kai ka biya kuɗin aiki, ko ya karɓe ta ka cika ya ba ka wata. Kafin nan, sa a ciro maka bayananka daga ma'ajiyarta (hard disk) bayan an gama rubuta rahoton, musamman in furojet ɗinka na ciki.